LEƘEN MAJIGI: Idan Kwamfuta Ta Karɓe Tuƙin Jirgin Sama, Wa Zai Fito A Jarumi?

Duk wanda ya daɗe ya na bibiyar finafinan Amurka ba zai rasa tuna wani tsohon fim na barkwanci mai suna Airplane! ba, wanda ya fito a 1980. Jirgi ya na tsakiyar tafiya aka raba abincin dare, ashe kifin ya lalace. Kyaftin ya zube, mataimakin sa ya zube, na ukun su ma haka. Da ma'aikaciyar jirgin ta rasa yadda za ta yi, sai aka ce mata daga ƙasa ta danna maɓallin da ke sa jirgi ya tuƙa kan sa. Ta na dannawa sai ga wani mutum-mutumin roba ya kumburo kamar balan-balan a kan kujera, da hular sa ta matuƙa, ya na murmushi, ya kama sitiyari. Sunan sa Otto. 'Yan kallo sun yi dariya har da riƙe ciki.

To, yau sama da shekara 40 kenan, kuma maganar ta tashi daga barkwanci. Manyan kamfanonin ƙera jirage su na nan su na lissafin yadda za su miƙa wa kwamfuta kujera ɗaya daga cikin biyun da ke gaban jirgi. Wasu ma idon su na kan duka biyun. Mai karatu zai ce, to me ya haɗa mujallar fim da wannan zance? Ai kuwa da abin da ya haɗa su. Fim ɗin jirgi dai ba ya tafiya sai da jarumi a kan sitiyari, gumi na keto masa. Sannan samari da 'yan mata nawa ne su ka fara mafarkin tuƙin jirgi don kawai sun ga wani akta cikin farar riga mai zanen ruwan zinare a kafaɗa, ya na jan 'yar jaka a filin jirgi? In har kujerar za ta ɓace, gara a sani tun kafin Baba ya sayar da gona ya biya kuɗin makaranta.

A fara da fim ɗin da ya fi kowanne taɓo zancen, wato Sully na 2016, wanda dattijo Clint Eastwood ya ba da umarni, Tom Hanks kuma ya fito a matsayin Kyaftin Chesley Sullenberger. Labarin ba ƙagagge ba ne. Ran 15 ga Janairu, 2009, wani jirgin kamfanin US Airways ƙirar Airbus A320 ya tashi daga filin LaGuardia da ke birnin Niyok ɗauke da mutum 155. Ya na wajen ƙafa 2,800 a sama ya yi karo da garken agwagin daji, manya-manya kamar dinya. Injinan nan biyu duk su ka mutu. Daga wannan lokaci zuwa sa'ilin da cikin jirgin ya taɓa ruwan kogin Hudson daƙiƙa 208 ne kacal, wato ko waƙa ɗaya ta fim ɗin Indiya ba a gama ba. Kuma cikin ikon Allah ba wanda ya mutu.

Amma ba a kan ruwa fim ɗin ya fi zafi ba, a zauren bincike ne. Masu bincike su ka ce sun gwada a kwamfuta, sun kuma sa wasu matuƙa sun gwada a na'urar kwaikwayon tuƙi, an ga cewa da Sully ya juya da ya isa filin jirgi lafiya, ba sai ya jefa jirgin mutane a kogi ba. Amsar da Tom Hanks ya bayar ita ce ƙashin bayan fim ɗin baki ɗaya. Ya nuna masu cewa matuƙan gwajin sun san tsuntsaye za su zo, sun san inji zai mutu, sun san inda za su nufa, har ma sun maimaita abin sau da yawa kafin su dace. Shi kuwa ba wanda ya ba shi labari. Sai aka ƙara daƙiƙa 35 na tunani, irin wanda kowane ɗan'adam ke buƙata kafin ya gane abin da ya same shi. Da aka sake gwajin, jirgin bai kai ba. Wannan gwaji na daƙiƙa 35 an yi shi a zahiri, kuma sakamakon kenan.

Sai dai Eastwood ya ɗan sa gishiri. Fim na son bos, tsuntsaye kuwa ba za su iya zama bos na awa ɗaya da rabi ba, don haka sai ya mai da jami'an bincike su ka zama kamar masu neman ganin bayan kyaftin. Jami'an na gaskiya sun yi ƙorafi a kan haka, kuma Tom Hanks da kan sa ya faɗa cewa Sullenberger ne ya nemi a cire sunayen su na ainihi daga labarin.

Akwai abu biyu da ɗan kallo kan tsallake saboda idon sa na kan jarumi. Na farko, mutumin nan mai gashin baki da ke kujerar dama, Jeff Skiles, wanda Aaron Eckhart ya fito a madadin sa. Shi ne ma ke tuƙi lokacin da aka yi karon, kafin kyaftin ya karɓa. Yayin da Sully ke riƙe da jirgi ya na magana da hasumiya, Skiles ne ya buɗe littafin matakan gaggawa ya na ƙoƙarin tada inji, littafin da aka rubuta don jirgin da ke can ƙololuwar sama mai isasshen lokaci. Da aka zo dab da ruwa, shi ne ke kiran gudu da tsayi da baki don kyaftin ya sa ido waje. Na biyu, ita kan ta kwamfutar. Sully ya yi saurin kunna ƙaramin injin nan na wutsiya mai ba da lantarki tun kafin littafi ya kawo kan sa, wanda hakan ya sa kwamfutocin jirgin su ka ci gaba da aiki, su na hana hancin jirgin ɗagawa fiye da ƙima har ya rasa iskar da ke riƙe da shi. Kenan mutum biyu da na'ura ne su ka haɗu su ka yi aikin. A fosta kuwa fuska ɗaya aka sa.

Wani abin da matasa ba su sani ba shi ne, ba yau aka fara rage mutane a gaban jirgi ba. A shekarun 1950 babban jirgi mai tsallake teku kan ɗauki mutum biyar a ɗakin tuƙi: matuƙa biyu, injiniya, mai duba taswira, da mai rediyo. Na'ura ta fara cinye aikin mai rediyo, ta bi da mai taswira. Wanda ya kalli Neerja na 2016, inda Sonam Kapoor ta fito a matsayin ma'aikaciyar jirgin Pan Am da 'yan bindiga su ka kama a Karachi a 1986, ya tuna mutum nawa su ka sulale ta ƙofar rufin ɗakin tuƙi bayan ta ankarar da su. Uku ne: kyaftin, mataimaki da injiniya. Da babu su, jirgin ya zama gini, 'yan bindigar su ka rasa mai tashin sa. Wancan Boeing 747 ne tsohon yayi. Da sabon samfurin sa mai lamba 400 ya fara aiki a 1989, kujerar injiniya ta tafi. Daga biyar an dawo biyu, kuma a kowane mataki an yi ta kururuwar cewa jirage za su yi ta faɗowa. Ba su faɗo ba. Hasali ma tafiyar ta ƙara aminci. Wannan ita ce babbar hujjar masu son a sake ragewa, kuma gaskiya hujja ce mai nauyi.

Shi Otto na gaske ma ya girmi kakan kowa. Tun a 1914 wani matashi Ba'amurke, Lawrence Sperry, ya nuna wa jama'a a Faris jirgin da ke daidaita kan sa, ya ɗaga hannuwa sama ya na wucewa. A 1965 wani jirgin Ingila ƙirar Trident ya sauka da taimakon na'ura da fasinjoji a ciki. A yau, a doguwar tafiya, matuƙi kan riƙe sitiyari ne na 'yan mintoci wajen tashi da wajen sauka. Sauran awoyin na'ura ce ke tuƙi, shi kuma ya na sa ido, ya na magana da ƙasa, ya na lissafin mai da yanayi. A Disamba 2019 kamfanin Airbus ya sa wani A350 ya tashi da kan sa a Tulus ta Faransa, ya na kallon titin da kyamara kamar yadda mutum zai kalla da ido. A 2020 kuma aka amince da wata na'ura ta kamfanin Garmin a ƙananan jirage: idan matuƙi ya suma, fasinja ya danna maɓalli ɗaya, jirgin ya zaɓi fili, ya sanar da hasumiya, ya sauka, ya taka birki. Ashe dai abin da aka yi wa dariya a 1980 ya tabbata, illa dai babu balan-balan.

Kuma a faɗi gaskiya, finafinan da kan su sun ba masu goyon bayan kwamfuta makami. Dubi Flight na 2012. Denzel Washington ya juya jirgi ya koma rigingine a sama, ya ceci mutum 96 cikin 102, amma da giya da hodar iblis a jinin sa ya hau kujerar. Dubi Runway 34 na 2022, wanda Ajay Devgn ya shirya kuma ya fito a ciki. Kyaftin Vikrant gwani ne, ya kuma san shi gwani ne, nan matsalar ta ke. Ga taba a baki ko da bai kunna ba, ga yawon dare kafin aiki, ga raina shawarar mataimakiyar sa, Rakul Preet Singh. An samo labarin ne daga wani jirgin Jet Airways da ya taso daga Doha zuwa Kochi a Agusta 2015, yanayi ya ɓaci, ya yi ta yunƙurin sauka ya na fasawa, har ya ƙare a Trivandrum da ɗan guntun mai. Duk tambayoyin da Amitabh Bachchan ya yi ta jefa masa a rabin fim na biyu, da muryar nan tasa mai sa gwiwa sanyi, a kan abu ɗaya su ke: halin ɗan'adam. Girman kai, gajiya, gardama. Kwamfuta ba ta zuwa fati, ba ta yin fushi da matar ta, ba ta jin barci.

Barcin ma ba a fim kaɗai ya ke ba. A Agusta 2022 wani jirgin Habasha da ya taso daga Khartum ya wuce ta saman Addis Ababa bai sauko ba, hasumiya na ta kira shiru. Hukumar bincike ta Indunusiya kuma ta tabbatar da cewa a Janairu 2024 matuƙa biyu na wani jirgin Batik Air sun yi barci tare na minti 28 da fasinjoji a baya. Tirƙashi!

To mene ne ainihin abin da kamfanonin ke nema? Ba wai gobe a wayi gari jirgin alhazai ya tashi ba kowa a gaba ba. Shirin na hawa-hawa ne. A yanzu jirgin da zai yi tafiyar awa 12 ko fiye kan ɗauki matuƙa uku ko huɗu, don a riƙa karɓa-karɓa, kullum biyu na zaune. Abin da aka fara nema shi ne, idan jirgi ya daidaita a sama, a bar mutum ɗaya a kujera, ɗayan ya je ya kwanta, sai wajen sauka su haɗu. Da haka mutum biyu sun isa tafiyar da a da sai uku ko huɗu. A 2021 aka ruwaito cewa Airbus da kamfanin Cathay Pacific na Hong Kong su na aiki a kan irin wannan tsari. Mataki na gaba shi ne matuƙi ɗaya tal daga tashi har sauka, watakila a fara da jiragen kaya. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne: albashi, otal, horo, alawus. Kuɗi dai.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Tambayar da ta hana kowa barci ita ce: idan shi ɗayan ya faɗi fa?

Ran 17 ga Fabrairu, 2024, wani jirgin Lufthansa ya taso daga Frankfurt zuwa Sabiya ta ƙasar Sifen da mutum sama da 200. Kyaftin ya zagaya bayan gida. Fitar sa ke da wuya mataimakin sa ya suma a kan kujera. Kimanin minti 10 jirgin nan na tafiya ba mai hankali a gaban sa. Kyaftin ya dawo ya na ta danna lambar ƙofa, shiru, sai da ya kai ga lambar gaggawa, sannan mataimakin ya ɗan farfaɗo ya buɗe. Aka karkata zuwa Madrid. Masu son kwamfuta su ka ce, kun gani, ai na'ura ce ta riƙe jirgin. Matuƙa su ka ce, ƙwarai, amma wa ya sauke shi? A Oktoba na wannan shekarar ta 2024 kuma kyaftin ɗin wani jirgin Turkiyya da ya taso daga Seattle zuwa Istanbul ya rasu ana cikin tafiya, abokan aikin sa su ka sauka a Niyok.

Masu son finafinan Chana su nemi The Captain na 2019, wanda Andrew Lau ya ba da umarni. Shi ma labarin gaske ne na Mayu 2018: jirgin Sichuan Airlines na kan hanyar Lhasa, a saman duwatsu, gilashin gaba ya fashe ya fita, iska ta zuƙe rabin jikin mataimaki waje, bel ne ya riƙe shi. Sanyi ya wuce misali, ƙara ba a jin magana, wani ɓangare na allon sarrafa na'urar tuƙin ya lalace. Kyaftin Liu Chuanjian da hannu ya kai jirgin Chengdu. A 1990 an yi irin haka a Ingila, sai dai a can kyaftin ɗin ne iska ta fizga, ma'aikatan jirgi su ka riƙe ƙafafun sa, mataimaki ya sauke jirgin a Southampton, kuma kyaftin ya rayu. A duka biyun, gilashi bai yi shawara da kowa ba kafin ya zaɓi ɓangaren da zai fashe. Da kujera ɗaya ce ke da mutum, sai a ce sa'a ce za ta raba.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa. A Maris 2015 mataimakin matuƙin wani jirgin Germanwings ya kulle kyaftin a waje, ya kai jirgin ya buga da dutse a Faransa da gangan, mutum 150 su ka hallaka. Mutum na biyu a ɗakin tuƙi ba don taimako kaɗai ya ke ba, har da tsaro.

Ita ma kwamfutar ba waliyyiya ba ce. Wata huɗu da rabi bayan abin al'ajabin Hudson, ran 31 ga Mayu, 2009, jirgin Air France mai lamba 447 ya taso daga Rio zuwa Faris. Cikin dare a saman tekun Atlantika ƙanƙara ta toshe 'yan bututun da ke auna gudu. Na'urar tuƙi ta ga lissafi ya rikice, sai ta saki jirgin ta miƙa wa mutane, daidai lokacin da kyaftin ya je hutu. Wanda ke riƙe da sitiyari ya ruɗe, ya yi ta ɗaga hancin jirgin har ya rasa iska, ya faɗo cikin minti uku da rabi. Mutum 228, ba wanda ya fita. Sai a 2011 aka zaƙulo baƙin akwatin daga ƙarƙashin teku. Abin lura a nan mai ɗaci ne: na'ura ta iya aikin yau da kullum har ta sa hannun matuƙi ya yi sanyi, amma ranar da abu ya cakuɗe, ranar ce ta ke cewa ga kayan ka.

Sai kuma Boeing 737 MAX, wanda duk mai son sanin yadda abin ya faru ya nemi fim ɗin gaskiya na Downfall: The Case Against Boeing da Netflix ta saki a 2022. An sa wa jirgin wata manhaja mai danna hancin sa ƙasa da kan ta, ta na dogaro da na'urar awo guda ɗaya tak, kuma ba a bayyana ta a littafin matuƙa ba. Awon ya yi ƙarya, manhaja ta gaskata. Lion Air a Oktoba 2018, mutum 189. Jirgin Habasha a Maris 2019, mutum 157, ciki har da marubucin nan ɗan Nijeriya, Farfesa Pius Adesanmi. Jimilla rai 346. A can matuƙa kokawa su ka yi da kwamfuta, ta kuma kayar da su. A Yuni 2019 Sullenberger na gaske, ba Tom Hanks ba, ya tsaya gaban 'yan majalisar Amurka ya nemi a riƙa ba matuƙa horo a na'urar kwaikwayo kafin su hau jirgin, ba a allon hannu kawai ba.

Saboda irin waɗannan ne ƙungiyoyin matuƙa na Amurka da Turai da ta duniya su ka haɗa kai tun 2023 su na yaƙi da shirin, da hujjar da Bahaushe ya daɗe da sani, cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wani zai ce ai tuwon su su ke karewa, kuma da ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai a 2025 hukumar kula da amincin jirage ta Tarayyar Turai, EASA, wadda ita ce aka fi zaton za ta fara buɗe ƙofar, ta fitar da sakamakon binciken da ta sa aka yi: da irin ɗakin tuƙin da ake da shi yanzu, ba a iya tabbatar da cewa mutum ɗaya zai ba da amincin da biyu ke bayarwa ba. Matsalolin da aka lissafa na ɗan'adam ne zalla. Yaya na'ura za ta gane matuƙi ya suma? Wanda aka tasa daga barci, minti nawa zai ɗauka kafin kan sa ya washe? Wa zai kama kuskuren wanda ke zaune shi kaɗai? Har da maganar wa zai riƙe jirgi idan fitsari ya matsa. Ba a binne shirin ba, an dai jingine shi sai an ƙera ɗakin tuƙi mai wayon da ya fi na yau.

A gefe guda kuwa, ƙananan jirage marasa matuƙi sun riga sun shigo. A Oktoba 2023 hukumomin Chana su ka amince da wani ɗan tasi na sama mai kujera biyu na kamfanin EHang, wanda babu sitiyari a cikin sa sam. A Nuwamba na shekarar wani kamfani a Kalifoniya ya tashi jirgin kaya ƙirar Cessna Caravan ba kowa a ciki, matuƙin na zaune a ofis mai nisa. Ba sai an je nesa ba ma: a 2022 'yan jiragen kamfanin Zipline su ka fara kai magunguna asibitocin karkara a Jihar Kaduna, bayan sun yi shekaru su na yi a Ruwanda da Ghana. Amma kwalin allura daban, mutum 300 da jarirai daban. Wanda ya kalli Stealth na 2005, inda tsawa ta faɗa wa jirgin yaƙi mai ƙwaƙwalwar kwamfuta ya fara yin gaban kan sa, ko ya ji yadda Ed Harris ya yi wa Tom Cruise albishir a Top Gun: Maverick cewa zamanin irin su ya kusa ƙarewa, ya san Hollywood ta daɗe ta na tauna wannan tsoro. Fasinja ma haka. Kamfanin da zai fara sayar da tikitin jirgin da ba direba sai ya yi da gaske kafin Hajiya ta yarda ta hau.

To ina matsayin yaron da ke Kano ko Zariya ko Maraɗi mai burin farar riga? Lissafin da ke ƙasa bai ce ya fasa ba. A hasashen da Boeing ya fitar a 2024, ya ce duniya za ta buƙaci sababbin matuƙa 674,000 cikin shekara 20. A riƙa tunawa dai mai sayar da jirgi ne ke magana. Amma akwai hujjar da ta fi wannan sauƙi: jirgin fasinja kan yi shekara 25 ko fiye ya na aiki, kuma duk waɗanda ake ƙerawa yau kujera biyu gare su a gaba. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, ba ta kusa rasa ɗalibai saboda Otto ba. Abin da ya fi cin matasa a nan shi ne tsadar karatun, da kuma samun kamfanin da zai ɗauki sabon hannu ya tara awoyi.

Abin da zai canza shi ne irin aikin. Matuƙin gobe ba zai zama Ajay Devgn mai tuƙi da jin jiki da taurin kai ba. Zai fi kama da manaja: mai fahimtar abin da kwamfuta ke yi da dalilin ta, mai gane lokacin da ta fara shirme, mai ƙarfin halin kashe ta ya karɓa, kuma wanda bai bari hannun sa ya manta tuƙi ba. Mai jin shawara kuma. A yau ana koya wa mataimaki, ko shekarar sa 23, ya buɗe baki ya ce wa kyaftin mai furfura ya yi kuskure, ana kuma koya wa kyaftin ya saurara. Ga yaron da aka tarbiyyantar a kan cewa ba a musu da babba, wannan darasi na iya fin lissafi wuya.

Su kuma 'yan fim na gida, ga labari na zube a ƙasa. A finafinai da littattafan soyayya, matuƙin jirgi yawanci saurayi ne mai kuɗi da ke dawowa daga Dubai da tsaraba. Da wuya a gan shi a bakin aiki. 'Yan Kudu sun taɓa gwadawa da Last Flight to Abuja na Obi Emelonye a 2012, har Ali Nuhu ya fito a ciki, kuma fim ɗin ya karɓu. Alhali tun a Nuwamba 1925 jirgin sama ya sauka a Kano. Ga hazon hunturu da kan rufe filin Malam Aminu Kano har a soke tashi. A ce jirgin alhazai ne ya dawo, hazo ya rufe gari, mai na ƙarewa, kyaftin dattijo na cewa a sauka, mataimakiyar sa yarinya 'yar Zariya na cewa a wuce Abuja, kwamfuta kuma na ta ƙara. Ba sai an fasa jirgi ko ɗaya ba. Fim ɗin 7500 na 2019, wanda Joseph Gordon-Levitt ya ja, kusan gaba ɗayan sa a cikin ɗakin tuƙi aka ɗauke shi, wurin da bai kai shagon mai shayi girma ba, kuma ba mai iya tashi daga kallon sa. Furodusan da ke kukan kuɗin lokeshin ya ji.

Wanda zai koma ya sake kallon Sully a wannan watan, ya lura da wanda Eastwood ya bai wa maganar ƙarshe kafin a fara jero sunaye. Ba Tom Hanks ba ne. Bayan an wanke su, wata jami'a ta tambayi Skiles ko akwai abin da zai canza in da za a maimaita. Mutumin kujerar dama ya ɗan yi shiru, ya tuna sanyin kogin Hudson a watan Janairu, ya ce shi dai da a Yuli zai yi.